Ruwan da Na Sa a Ƙanƙara

Da ana dawo wa mutum da rana ɗaya daga cikin ranakun da ya ɓata, ba zan nemi ta ƙuruciya ba. Wata Juma'a zan nema, a tsakiyar bazara, ranar da aka danƙa mini wata 'yar kwalba da ba ta fi ɗan yatsana tsawo ba, aka ce in kai ta ɗakin gwaji a Garki, ni kuwa na tsaya na saya mata ƙanƙara. Da hannuna na yi. Ba wanda ya sa ni, an ma so a hana ni ban saurara ba. Abin da ke cikin kwalbar kuwa ruwan bayan jikata ne.

Ni ba mai dogon karatu ba ne. Na yi allo, na taɓa firamare, sai neman abinci ya kawo ni Mpape tun ana kiran wurin daji. Na yi lodin tifa a wurin fasa dutse har bayana ya ce ya gaji. Daga nan mai unguwa ya haɗa ni da matan da ke yawon allurar rigakafi, don ba lungun da ban sani ba a kan tudun nan, kuma magidanta ba sa rufe mini ƙofa. Aikina raka su da ɗaukar kular magani. Abu ɗaya shugabarsu ta dasa mini a ka, kullum safiya sai ta maimaita: zafi maƙiyin magani ne. Kada a buɗe kula a rana, kada a ajiye ta a kan dutse, in ƙanƙara ta narke an yi aikin banza. Na riƙe wannan kamar karatun sallah. Shekara da shekaru ina yi, har 'yan unguwa suka laƙaba mini Dakta. Da wasa suka fara, ni kuma na fara amsawa da gaske.

A gidana mu uku ne yawancin lokaci. Ɗana direban babbar mota ne, yana kudu fiye da yadda yake gida. Sai matarsa, surukata, yarinya mai kunya wadda ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, in za ta yi mini magana sai ta durƙusa daga bakin ƙofa. Sai 'yarsu, wadda a lokacin ta fara famfara. Ita kam ba ruwanta da kunya. Amaryata nake ce mata, ita kuma ba ta da aiki sai tsokanata.

"Tsoho, na fasa aurenka," in ji ta, tana wawure mini ƙosai.

"To tattara kayanki, na sake ki."

"Ai ni na riga ka. Wa zai zauna da miji ba haƙori?"

"Ke fa? Buɗe bakin mu gani."

Sai ta toshe baki da hannu ta ruga. Abu ɗaya ne ke sa ta dawo jikina da gudu: ƙarar nakiya in an tashi dutse. Da ta ji jiniyar gargaɗi za ta cusa yatsu a kunne ta shige cikin babbar rigata, sai ƙasa ta gama girgiza ta fito ta ce ba tsoro ta ji ba, ni ta zo karewa.

Ciwon da zazzaɓi ya fara, muka ɗauka na sauro ne. Kashegari sai amai, sai kuka da ciwon kai, ba ta son ko hasken taga. Da na zo ɗaga ta in ba ta ruwa, na ji wuyanta ya ƙage kamar icce. Wannan kam na san sunansa. Na saɓa ta a kafaɗa, uwarta na biye, muka gangara ta 'yar hanyar ƙafa zuwa ƙaramin asibitin da ke gindin tudu.

Likitan matashi ne, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce yana zargin sanƙarau ne, kuma yana so ya ɗebi ruwa kaɗan daga ƙashin bayanta. Ya ce ruwan nan shi ne ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, in cuta ta shiga can a cikinsa ake ganinta, a san wace iri ce, a san maganin da ke kashe ta. Maƙwabcina mai faci, wanda ya biyo mu, ya ja ni gefe.

"Dakta, kada ka yarda. Duk wanda aka ɗebi ruwan bayansa, in bai mutu ba ya gurgunce. Ɗan ƙanena haka aka yi masa."

"Ɗan ƙanen naka yaushe aka kai shi asibiti?" na ce. "Ba sai da ya daina gane mutane ba? Rufe mana baki, malam. Faci ka sani."

Na koma na ce wa likita bismilla. A wannan ban yi kuskure ba, kuma har gobe ina nan a kan haka. Amma na fito daga maganar kaina ya ƙara girma, ina jin ni ne wayayye a cikin jahilai, kuma wannan girman kan ne na ɗauka na tafi da shi.

Aka kwantar da ita a gefe ɗaya, nas ta naɗe ta har gwiwa ta kusa taɓa haɓa. Likita ya goge bayan, ya sa allura a can ƙasa wajen ƙugu, ruwa ya riƙa ɗiga ɗis, ɗis, a cikin kwalba. Ba a daɗe ba. Ya ɗaga kwalbar wajen taga ya ce in duba.

"Baba, na mai lafiya garau yake, kamar ruwan sama a sabon kwano. Ka ga wannan?"

Fari-fari ne, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Nan take ya sa aka fara yi mata allura ta jijiya, ya ce ba za a jira sakamako ba, za a fara da maganin da ya fi kama yawancin irin waɗannan cututtuka. Amma ba su da kayan gwada ruwan a nan, sai an kai babban ɗakin gwaji a Garki, kuma motarsu ta fita. Na ce ga ni.

Na fita waje in kira ɗana a waya. A wannan tsakanin ne nas ta naɗe kwalbar a leda, ta miƙa wa surukata tare da takarda, ta yi mata bayani. Ni ban ji bayanin ba, ban kuma nema ba. Na karɓa, na dubi rana tana tsakiyar ka, na ce a raina wannan zafin ai kafin in kai Garki ya dafa ruwan nan. Akwai mai zoɓo a ƙofar asibitin. Na ari 'yar kularta, na sayi ƙanƙara na farfasa, na yi wa kwalbar gado a tsakiya.

Ina cikin rufewa na ji motsi a bayana. Surukata ce, ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba... dama nas ɗin ta ce wai..."

"Ta ce me?"

"Wai a hanzarta, kuma wai sanyi..."

"To ba ga sanyin ba? Ni za a koya wa ɗaukar kayan asibiti? Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki. Koma wajen 'yarki."

A gidan da ta tashi, suruka ba ta maimaita wa uban miji magana. Ta tashi ta koma ciki. Ni kuma na saɓa kula kamar yadda na saba.

Ƙanƙarar nan ba sanyaya kwalbar kaɗai ta yi ba, har ni ta sanyaya. Tunda abu yana cikin sanyi, a sanina, ba ya lalacewa, to gaggawar me? Na shiga bas na zauna har ta cika. Muka shiga gari an fara tare hanyoyi don sallar Juma'a. Na sauka na bi sahu, kula a gefen gwiwata, na yi wa amaryata addu'a har da hawaye. Na sake neman mota. Ban isa ɗakin gwajin ba sai da inuwa ta miƙe.

Wadda ta karɓe ni wata mata ce mai farar riga da tabarau, ba Bahaushiya ba, amma tana jin Hausa irin ta Abuja. Na buɗe kula a gabanta ina jiran yabo. Ta sa hannu ta ɗauko ledar tana ɗigar ruwa, ta dubi takarda, ta dubi agogon bango, sannan ta dube ni.

"Baba, wane ne ya ce ka sa shi a ƙanƙara?"

"Ba wanda ya ce. Ni na san aikin."

"Wayyo Baba." Ta dafe goshi. "Wannan ba rigakafi ba ne. Zauna."

Ba ta tsaya yi mini faɗa ba. Ta shige ciki da sauri, ta daɗe, sannan ta fito ta zauna kusa da ni a kan benci ta yi mini bayani kamar mai koya wa yaro. Ta ce aiki iri-iri ake yi wa ruwan nan. Ana ɗiga shi a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu a ƙirga sojojin jiki da suka taru a ciki, su kuwa da an fitar da su ba sa jimawa suke fara fashewa, shi ya sa ake gudu da shi. Ana auna sukarin da ke ciki, don ƙwayoyin cuta suna cinye shi, in ya yi ƙasa alama ce. Ana shafa shi a gilashi a rina, ko za a ga siffar ƙwayoyin. Amma babban aikin shi ne shuka. Ana zuba ruwan a wani faranti mai abincin da ƙwayoyin ke so, a sa a akwati mai ɗumi irin ɗumin jikin mutum, a jira su tsiro. In sun tsiro sai a gane ko su wane ne, a jarraba musu magunguna a ga wanda ke kashe su.

"Waɗannan ƙwayoyi, Baba, a cikin jiki mugaye ne, amma a waje ba su da ƙarfi. Sanyi yana kashe su. Iri da ya mutu, ka shuka, zai fito?"

Na ce a'a.

"Zan shuka. Amma kar ka sa rai."

Na dawo Mpape da kula ba komai a ciki sai ruwa. Na mayar wa mai zoɓo. Na shiga ɗakin da aka kwantar da yarinyar, surukata ta ce sannu da hanya, na ce yauwa, an kai. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Wannan shirun shi ne kuskurena na biyu.

Sakamakon farko ya nuna sanƙarau ne na ƙwayoyin cuta, sukari ya yi ƙasa ƙwarai. Na shuka kuwa da ya zo, ba abin da ya tsiro. Ana ta allura, zazzaɓi ya ƙi sauka. Ya ɗan lafa da safe, da yamma ya dawo. Amaryata ba ta tsokana, ba ta ma buɗe ido sosai. Na ga likita tsaye a kanta yana juya takarda yana cewa abin ya ɗaure masa kai, ruwa mai kauri haka a ce bai tsirar da komai ba, ga shi an ɗebe shi kafin a fara magani.

A nan na ga in na ci gaba da shiru, mutumin nan zai ci gaba da lalube a duhu, kuma ni na kashe masa fitila. Na miƙe. A gaban nas, a gaban surukata, na ce, "Likita, laifina ne. A ƙanƙara na kai shi, kuma ban kai da wuri ba. Surukata ta so ta gaya mini, na hana ta magana."

Likita ya ja dogon numfashi. Ya ce su ma da nasu, da bai kamata a ba da saƙo irin wannan ba tare da an gaya wa mai ɗauka baki da baki ba. Na ce kada ya rage mini, ya faɗi abin yi kawai. Ya ce tunda jikin bai karɓi maganin ba, dole a sake ɗiba. Ya ce yanzu abin ya fi wuya, don allurar da aka yi mata na iya hana shukar fitowa, amma in ƙwayoyin suna jure wa maganin, mai yiwuwa a same su da rai.

"Ni zan kai," na ce.

"Baba, ni zan kai."

Surukata ce. Tana tsaye, ba a durƙushe ba, kuma a karo na farko tun da aka kawo ta gidana na ga ƙwayar idonta. Ba tsiwa a ciki. Uwa ce kawai.

Na ce, "Kina da gaskiya ki ƙi yarda da ni. Amma in ta farka ke za ta nema, ba ni ba. Kuma na san hanya, na san ƙofar, na san matar. Ki gaya mini yadda nas ta ce, daga farko har ƙarshe. Ba zan katse ki ba."

Sai ta faɗa. Kada a sa a sanyi. Kada a bar shi a rana. Kada a kwantar da kwalbar, kada a buɗe. Kada a tsaya ko'ina.

"Maimaita, Baba," in ji ta.

Nas ta juya baya tana ɓoye dariya. Ni kuwa na maimaita, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan makarantar allo a gaban malam.

Da aka ɗebi ruwan na biyu, na sa kwalbar a tsaye cikin aljihun 'yar cikina, na dafe ta da tafin hannu a kan ƙirji. Tun kafin a gama na sa an tsayar mini da ɗan acaɓa a ƙofa. Likita kuma ya kira ɗakin gwajin ya ce ga tsoho nan tafe.

"Baba, riƙe ni da hannu biyu mana, hanyar nan ba kyau," in ji ɗan acaɓa.

"Hannu ɗaya gare ni yau. Ja mu je."

"Ko zinariya ka ɗauko ne?"

"Ta fi zinariya. In ka kayar da ni, ka tabbata ta baya na faɗi."

A bakin babban titi, inda acaɓa ba ya wucewa, na tare tasi na ce ni kaɗai, kada ya ɗauki kowa. Muka yi tafiya lafiya har muka shiga Garki, sai cunkoso ya riƙe mu, ana gyaran hanya. Ina hango benen ɗakin gwajin daga nesa. Direba ya ce, "Oga, haƙuri, yanzu za a saki." Na buɗe ƙofa na fita. Rabona da gudu tun ina lodin tifa. Ba zan ce gudu na yi ba, amma abin da na yi ya fi tafiya. Takalmina ɗaya ya tsinke, na bar shi a nan. Masu sayar da kaya a bakin titi suna ta "Baba lafiya? Baba lafiya?" Ban amsa wa kowa ba, numfashin bai isa ba.

Matar tana tsaye a bakin ƙofa. Na ciro kwalbar na miƙa mata. Ta riƙe ta a tafin hannu, ta ji ɗuminta.

"Yauwa, Baba. Yau ka kawo shi da rai."

Wannan karon shukar ta fito, kaɗan, amma ta isa. Suka gane ƙwayar, suka ga maganin farko bai fi ƙarfinta sosai ba, suka faɗi wanda za a ƙara. Aka mayar da yarinyar babban asibiti, aka canza allura. A hankali zazzaɓin ya sauka, wuya ya saki. Ranar da ta buɗe ido ta dube ni, ta ga aron silifa a ƙafata, ta ce, "Tsoho, ina takalminka?" sai na fita waje, don kada ta ga mijinta yana kuka.

Mun dawo gida muna murna. Ta rame, tana tafiya tana tangaɗi, muka ce rashin ƙarfi ne. In an yi mata magana ba ta amsa ba, muka ce shagwaɓar mai jinya ce. Sai wata rana da hantsi tana zaune a tsakar gida tana wasa da murafan kwalba, jiniyar wurin fasa dutse ta yi kuka. Na buɗe rigata ina jira. Ba ta ɗago ba. Nakiya ta tashi, kaji suka watse, kwanon rufi ya amsa. Ita kuwa sai ta dafa ƙasa da hannu tana mamakin abin da ya motsa ta. Na dubi uwarta, uwarta ta dube ni.

Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama ya rage kaɗan, da na'urar da aka sa mata tana ji in an matso. Na tambayi likita, na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah, kwanakin da na ɓata ne suka ci kunnen? Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Sanƙarau yakan tafi da ji ko da an yi komai daidai tun ranar farko. Na karɓi maganarsa, ban kuma ɗauke ta a matsayin wanki ba. Ƙaddara gaskiya ce, amma ƙanƙarar ni na saya.

Da ɗana ya dawo na gaya masa komai a gaban matarsa, na roƙe ta gafara. Ta koma durƙusonta ta ce ba komai, Baba. Na ce akwai komai, kuma daga yau in ina magana ta ga na kauce, ta katse ni. Takan yi, jefi-jefi, da "Baba, ba haka ba ne," a hankali. Ba maganar da nake jin daɗinta a gidan kamar wannan.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne maganar da ke yawo a unguwa. Maƙwabcina mai faci yana gaya wa mutane cewa ɗibar ruwan baya ce ta kurmantar da jikar Dakta, har sau biyu aka ɗiba, ga sakamako nan. Na je har rumfarsa na ce masa ƙarya ne, ruwan da aka ɗiba shi ya nuna maganin da ya tashe ta, in yana neman mai laifi ga ni. Ina bin majalisa-majalisa ina faɗa, a masallaci ma na tashi na faɗa. Wasu sun daina ce mini Dakta. Sun kyauta.

Amaryata yanzu ta girma, tana makaranta, a layin gaba take zama. Kullum a damanta nake zama in za mu ci abinci. In na yi mata tsiya ta ga ba ta da amsa, sai ta juyo mini kunnen hagu ta ce, "Faɗa wa wannan, tsoho, shi ne mai haƙuri."

Don Allah, wanda duk ya karanta wannan, in likita ya ce zai ɗebi ruwan bayan ɗanka, kada maganar bakin titi ta hana ka. In kuma aka danƙa maka kwalbar, ka tambayi yadda ake ɗaukarta ko da ka shekara ɗari kana ɗaukar kayan asibiti, ka kama hanya kada ka tsaya, kada ka kusantar da ita da ƙanƙara. In wani na ƙasa da kai ya durƙusa ya ce "dama an ce wai," ka rufe bakinka har ya kai aya. Ni ban yi ba. Kada ku yi irin tawa.